Sharaɗau Harɗaɗɗe a Sifaniyanci (habría comprado): Ƙirarsa da Koyar da Shi ga Mai Jin Hausa da Faransanci

0. Gabatarwa

Garin Gaya yana bakin kogin Isa, a kudancin jahar Doso, yana fuskantar Malanbil ta ƙasar Benin, Kamba ta Nijeriya kuma tana kusa da shi ta wajen gabas. Yaron da ya tashi a can yakan taso da Dandanci ko Zabarmanci ko Hausa, ya shiga lakwal ya tarar da Faransanci. In karatu ya kai shi ga Sifaniyanci, wanda yake cikin harsunan waje da ake zaɓa a lise a ƙasashe da yawa da suka gaji tsarin karatun Faransa, to harshe na uku ko na huɗu ke nan gare shi, kuma da Faransanci ake yi masa bayanin nahawunsa. Harshen da ya fi ji a jikinsa sai a bar shi a ƙofar aji.

A wannan takarda za mu ɗauki lokaci ɗaya tak daga cikin lokutan aikatau na Sifaniyanci, wato wanda ake kira condicional compuesto ko condicional perfecto, mu nuna yadda ake gina shi, sa'an nan mu kwatanta shi da conditionnel passé na Faransanci da kuma jimlar "da … da …" ta Hausa. Abin da muke son tabbatarwa shi ne: Faransanci yana taimakon ɗalibi wajen ƙira, amma yana ɓatar da shi a wurare uku sanannu, Hausa kuwa ita ce ta fi saurin kai shi ga ma'ana, tana kuma warware wasu daga cikin wuraren da Faransanci ya rikita. Tun da yake kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, batun a yi bayanin harshen waje da Hausa kai tsaye ya cancanci a fara gwada shi a kan abu ƙarami irin wannan.

Za mu riƙa kiran wannan lokaci "sharaɗau harɗaɗɗe" (habría comprado), ɗan'uwansa kuma mai kalma ɗaya "sharaɗau sassauƙa" (compraría). Tauraro (*) a gaban misali yana nuna ba a yarda da shi ba a daidaitaccen harshe. Misalan namu ne, mun ƙera su daga harkokin yau da kullum na yankin Gaya.

1. Suna da asali

Masana nahawun Sifaniyanci sun daɗe suna saɓani a kan inda za a ajiye wannan lokaci. Andrés Bello (ana karanta sunan Beyo), mutumin Benezuwela da ya buga nahawunsa a Santiyago ta Cile a 1847, ya sa masa suna antepospretérito, ma'ana abin da ya riga wani abu da ke gaban abin da ya shuɗe. Hukumar harshen ta Sifaniya, Real Academia Española, ta kira shi potencial compuesto a nahawunta na 1931, tana ɗaukarsa a matsayin salo mai zaman kansa. A 1973 ta mai da shi cikin lokutan indicativo. A babban nahawunta na 2009 kuma sunansa condicional compuesto. Ɗalibi zai iya gamuwa da kowane daga cikin sunayen nan, duk abu guda suke nufi.

Ta fuskar tarihi, sharaɗau na Sifaniyanci da na Faransanci uwa ɗaya uba ɗaya ne. Dukansu sun fito daga haɗa tushen aikatau (infinitif) da shuɗaɗɗen aikatau habere na Latin: cantare habebam ta ba da cantaría a can, ta ba da chanterais a nan. Wannan dangantaka ita ce dalilin da ya sa mai Faransanci yake ganin abin da sauƙi, kuma ita ce dalilin da ya sa yake sakin jiki fiye da kima.

2. Ƙira

2.1 Mataimakin aikatau

Sharaɗau harɗaɗɗe kalma biyu ne: mataimakin aikatau haber a sharaɗau sassauƙa, sai sifa ƴar aikatau (participe passé) ta aikatau da ake so. Mataimakin shi kaɗai yake canzawa bisa mutum da adadi:

(1) habría, habrías, habría, habríamos, habríais, habrían

Saiwar ita ce habr-, domin wasalin e na haber ya faɗi, kamar yadda ya faɗi a sabría (saber) da podría (poder). Saboda haka babu *habería. Ɗafe-ɗafen ƙeya kuwa, wato -ía, -ías, -ía, -íamos, -íais, -ían, su ne dai waɗanda ɗalibi ya riga ya koya a imperfecto na aikatau masu ƙarewa da -er da -ir (vendía, subía).

2.2 Ƴar aikatau

Ana cire ƙarshen tushen aikatau a ɗafa -ado ko -ido:

(2) a. compr-ar > compr-ado "saya"
b. vend-er > vend-ido "sayar"
c. sub-ir > sub-ido "hau"

Abin lura a nan shi ne, a wannan lokaci, bin ƙa'ida ko rashin binta magana ce ta ƴar aikatau kaɗai. Aikatau irin su cerrar "rufe" da tener "mallaka" da salir "fita", waɗanda suke wahalar da ɗalibi a lokaci mai ci (cierro, tengo, salgo), a nan sun bi layi: cerrado, tenido, salido. A ɗaya ɓangaren kuma, abrir "buɗe" da escribir "rubuta" da romper "fasa" da cubrir "lulluɓe" suna bin ƙa'ida a ko'ina sai a nan: abierto, escrito, roto, cubierto. Ya kamata malami ya jera waɗannan huɗu daban tun farko, domin su ne ɗalibi ba ya tsammanin za su ba shi matsala.

2.3 Jadawali

(3) yo habría comprado / vendido / subido: da na saya / sayar / hau
tú habrías comprado / vendido / subido: da ka, da kin …
él, ella habría comprado / vendido / subido: da ya, da ta …
nosotros habríamos comprado / vendido / subido: da mun …
vosotros habríais comprado / vendido / subido: da kun …
ellos, ellas habrían comprado / vendido / subido: da sun …

Jadawalin ya nuna inda harsunan biyu suka saɓa wajen rabon mutum. Hausa tana bambanta jinsi a mutum na biyu da na uku tilo (ka/kin, ya/ta), Sifaniyanci ba ya yi a jikin aikatau. Har wa yau habría ɗaya ce ga "ni" da "shi" da "ita" da kuma usted na girmamawa. Don haka, ko da yake Sifaniyanci yakan bar wakilin suna aikau ba a faɗe shi ba, a nan akan dawo da shi in ana gudun ruɗani. Habríais kuma ta mutanen Sifaniya ce. A ƙasashen Amurka masu wannan harshe ustedes habrían ake cewa. Game da "an" ta Hausa, wadda ba ta ambaci mai aiki ba, hanya biyu ce: ko dai mutum na uku jam'i, ko kuma se, wadda take sa mataimaki ya bi adadin abin da aka aikata:

(4) a. Habrían vendido los sacos.
b. Se habrían vendido los sacos.
"Da an sayar da buhunan."

2.4 Furuci da rubutu

Ba a furta h ta Sifaniyanci, saboda haka habría da abría ("ina buɗewa, a da") furucinsu ɗaya, sai a rubuce suke rabuwa. Alamar da ke kan í tana nuna nan ne nauyin kalma yake, kuma tana raba wasulan biyu: gaɓa uku ce, ha-brí-a. Nauyin ba ya motsawa ko da kalmar ta yi tsawo (ha-brí-a-mos), abin da mai Faransanci, wanda ya saba jefa nauyi a gaɓar ƙarshe, sai ya yi da gaske kafin ya riƙe.

Tsarin gaɓar Hausa ba ya yarda baƙi biyu su buɗe gaɓa. Shi ya sa muke cewa burodi da furofesa. Ɗalibi na iya cusa wasali ya ce "abiriya", wannan da sauƙi, ana gane shi. Haɗarin yana ga wanda ya haɗiye r ɗin, domin daga nan ya faɗa wani lokaci dabam:

(5) a. había comprado = j'avais acheté "na riga na saya"
b. habría comprado = j'aurais acheté "da na saya"

Harafi ɗaya ne tsakanin cinikin da ya faɗa da wanda bai faɗa ba. Wajen furta wannan r, Hausa ta fi Faransanci amfani: irin wadda ke cikin "barka" ce, in aka buga harshe sau ɗaya a hanƙa, ba ta maƙogwaro ba.

A rubutun ƴar aikatau, in saiwa ta ƙare da a, e ko o, sai í ta ɗauki alama: traído, leído, oído. In ta ƙare da u babu alama: construido, huido.

2.5 Korewa da wakilin suna karɓau

Hausa tana kore jimla da kalma biyu (ba … ba), haka ma Faransanci (ne … pas). Sifaniyanci no ɗaya yake sawa, a gaban mataimaki. Wakilin suna karɓau kuma yana shiga tsakanin no da mataimakin. A maganar yau da kullum ba a raba mataimaki da ƴar aikatau:

(6) a. No lo habría comprado.
b. Je ne l'aurais pas acheté.
c. Da ban saye shi ba.
d. *Habría no comprado. *Habría lo comprado.

3. Ma'ana: "da … da …"

3.1 Wace "da"?

Daidaitaccen rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka kalmomi uku suke fitowa da kama ɗaya: dà gajera mai karin ƙasa (Audu da Musa, da suka zo), dâa mai faɗuwa (mutanen da), da kuma dàa doguwa mai karin ƙasa. Ta ƙarshen nan ita ce tamu. Tana buɗe gangar sharaɗi, ta kuma sake buɗe gangar sakamako, shuɗaɗɗen lokaci na I (sun, mun) yana bin ta. A kwatanta:

(7) a. Da suka zo, muka tafi. = Cuando llegaron, nos marchamos.
b. Da sun zo, za mu tafi. = En cuanto lleguen, nos marcharemos.
c. Da sun zo, da mun tafi. = Si hubieran llegado, nos habríamos marchado.

A rubuce, (7b) da (7c) farkonsu ɗaya. "Da" ta biyu ce ta raba gardama. Ita ce kuma daidai gurbin habría. Mai jin Hausa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan "abin da zai faru amma bai faru ba", domin tun yana yaro yake faɗinsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin da ya biyo baya, an rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, mutane suka koma ƙetarewa da kwalekwale. Jimla irin ta (8) kowa a yankin ya san nauyinta:

(8) a. Da ba a rufe gadar ba, da manyan motoci sun ƙetare kogin.
b. Si no hubieran cerrado el puente, los camiones habrían cruzado el río.
c. Si on n'avait pas fermé le pont, les camions auraient traversé le fleuve.

Duk harsunan uku suna faɗin abu biyu ba tare da sun furta su ba: an rufe gadar, motoci kuma ba su ƙetare ba.

3.2 Matakai uku na sharaɗi

Sifaniyanci yana raba sharaɗi hawa uku. Hausa tana raba na farko da sauran ta hanyar "in/idan" da "da":

(9) a. Si llueve en mayo, sembraremos temprano.
"In an yi ruwa a watan Mayu, za mu yi shuka da wuri."
b. Si lloviera ahora, sembraríamos.
"Da za a yi ruwa yanzu, da mun yi shuka."
c. Si hubiera llovido en mayo, habríamos sembrado temprano.
"Da an yi ruwa a watan Mayu, da mun yi shuka da wuri."

A nan ne taimakon Hausa yake da iyaka, kuma wajibi ne malami ya san da ita. Gangar sakamako a (9b) da (9c) iri ɗaya ce a Hausa, "da mun yi shuka", alhali Sifaniyanci ya raba sembraríamos da habríamos sembrado. Dalili kuwa shi ne lamirin Hausa ya fi kula da ko aiki ya kammala ko bai kammala ba, yakan bar wa kalmomin lokaci da muhallin magana su nuna yaushe ne. "Da ina da kuɗi, da na sayi babur" tana iya zama kukan yau, tana iya zama labarin bara.

Muna ba da shawarar gwaji mai sauƙi. Ɗalibi ya saka "yanzu" ko "gobe" a cikin ganga ta biyu, sa'an nan ya gwada "jiya" ko "bara". In ma'anar da yake nufi ta karɓi na farko, sassauƙa zai yi amfani da shi. In ta karɓi na biyu, harɗaɗɗe. Amfanin yin gwajin a ganga ta biyu ita kaɗai yana fitowa a jimlolin da lokutansu suka gauraya:

(10) a. Da na sayar da shinkafar a Janairu, da yanzu ina da kuɗi.
Si hubiera vendido el arroz en enero, ahora tendría dinero.
b. Da ina jin Dandanci, da na gane abin da mai jirgin ya faɗa jiya.
Si hablara dendi, habría entendido ayer al barquero.

A (10a) sharaɗin ya shuɗe amma sakamakon na yau ne. A (10b) sharaɗin yana nan har yau amma sakamakon ya shuɗe. Ɗalibin da ya haddace cewa hubiera kullum da habría + ƴar aikatau take tafiya zai kasa a duka biyu.

3.3 Da-na-sani

Hausawa na cewa da-na-sani ƙeya ce. Malami zai ji sha'awar kawo wannan karin magana a darasin, kuma ya dace, sai dai a lura: "da na sani" gangar sharaɗi ce, watau si lo hubiera sabido ko de haberlo sabido. Sharaɗau harɗaɗɗe yana cikin rabin da mai nadama yakan yi shiru bai ƙarasa ba:

(11) Da na sani, da ban yi tafiyar ba.
De haberlo sabido, no habría viajado.

Haka nan gangar sharaɗi ba lalle ta zama cikakkiya ba. Hausa tana da "da ba don … ba" da "da ni ne kai", Sifaniyanci yana da takwarorinsu:

(12) a. Sin la piragua, no habríamos llegado a Malanville.
"Da ba don kwalekwale ba, da ba mu isa Malanbil ba."
b. Yo que tú, habría esperado hasta la cosecha.
"Da ni ne kai, da na jira har kaka."

4. Inda Faransanci yake ɓatarwa

4.1 Mataimaki ɗaya ne

Faransanci yana da avoir da être, kuma ɗalibi ya sha wuya kafin ya haddace aikatau masu ɗaukar être. Sifaniyancin da ya yi haka da ser, amma ya bari tun ƙarnuka da suka wuce. A yau haber kaɗai ake amfani da ita, ko aikatau na motsi ne, ko mai komawa kan mai yinsa. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Kotonu a Paraku ta tsaya, sai mu ce:

(13) a. Si la vía hubiera pasado de Parakou, el tren habría llegado a Gaya.
b. … le train serait arrivé à Gaya.
c. *… el tren sería llegado a Gaya.
"Da hanyar ta wuce Paraku, da jirgin ya iso Gaya."

(14) Nos habríamos levantado temprano. = Nous nous serions levés tôt.
"Da mun tashi da wuri."

Hausa ba ta raba "saya" da "iso" wajen lamiri: da ya saya, da ya iso. Wanda ya taso daga Hausa ba shi da dalilin neman mataimaki na biyu.

4.2 Ƴar aikatau ba ta canzawa

Bayan haber, ƴar aikatau kullum da -o take ƙarewa, ko mace ce ta yi aikin, ko jama'a, ko karɓau ya gabata:

(15) a. las mercancías que habría comprado
b. les marchandises que j'aurais achetées
c. *las mercancías que habría compradas

Ana iya bayyana wannan da Hausa sarai. Muna da sayayye, sayayyiya, sayayyu, waɗanda suke bin jinsi da adadi domin siffanta suna suke yi. Haka comprado, comprada, comprados suke a el saco comprado, la tela comprada. Amma a "da ta saya", "da sun saya", aikatau bai motsa ba, lamiri ne ya ɗauki nauyin. To haka comprado take bayan haber: aikin "saya" take yi, ba na "sayayye" ba. Wuri ɗaya da za a ga canji shi ne jimlar da aka juya ta da ser: la tela habría sido vendida. A nan ma sido, wadda ta bi haber, ba ta canza ba; vendida ce ta canza domin ser ta bi.

4.3 Bayan si

Wannan shi ne mafi girma daga cikin ukun. Faransanci yana sa plus-que-parfait na indicatif bayan si (si j'avais vendu). In ɗalibi ya juya shi kalma da kalma zai sami *si había vendido, wadda ba ta ba da ma'anar "da na sayar". Sifaniyanci subjuntivo yake so a nan, kuma yana da jeri biyu masu aiki ɗaya:

(16) hubiera, hubieras, hubiera, hubiéramos, hubierais, hubieran
hubiese, hubieses, hubiese, hubiésemos, hubieseis, hubiesen

Daga ɓangaren Hausa kuma akwai wani jan hankali. Tun da gangunan biyu kama ɗaya suke yi (da sun …, da mun …), ana iya tsammanin ɗalibi ya so ya daidaita su, ya ce *si habría vendido, habría ganado. Ana jin irin wannan a bakin mutane a wasu sassan arewacin Sifaniya da na Amurka ta Kudu, amma daidaitaccen harshe bai karɓe shi ba, kamar dai yadda malamin Faransanci yake jan kunne a kan *si j'aurais su. Sai dai akwai daidaito da aka yarda da shi, wato a sa hubiera a gangunan biyu:

(17) a. Si hubiera vendido, habría ganado.
b. Si hubiera vendido, hubiera ganado.
c. *Si habría vendido, habría ganado.
"Da na sayar, da na ci riba."

(17b) ita ce ta fi kama da ginin Hausa, kuma tana da ƴar'uwa a Faransancin adabi, wadda littattafan makaranta suke kira conditionnel passé deuxième forme. A taƙaice, hubiera tana iya shiga gurbin habría a gangar sakamako, habría kuwa ba ta shiga gurbin hubiera a gangar sharaɗi.

Saura wata togaciya. Si tana da aiki biyu a Sifaniyanci da Faransanci: sharaɗi da tambaya ta bayan fage. Hausa ta raba su da kalmomi dabam, "in/da" da kuma "ko". Inda si take nufin "ko", habría tana iya biyo ta ba laifi:

(18) Me preguntó si yo habría vendido a ese precio.
"Ya tambaye ni ko da ni ne zan sayar a wannan farashi."

Ƙa'idar da za a ba ɗalibi ke nan: ya juya si zuwa Hausa, in "ko" ta fito, hanya a buɗe take, in "da" ta fito, sai hubiera.

5. Sauran ayyukan wannan lokaci

Akwai wuraren da habría + ƴar aikatau take aiki ba tare da wani sharaɗi ba, kuma a nan "da … da …" ba ta fassara ta. Za mu kawo huɗu.

Na farko shi ne wanda sunan da Bello ya bayar yake nuni gare shi: a ruwaito maganar da aka yi a baya, game da aikin da zai kammala kafin wani lokaci.

(19) a. "Para el viernes ya habré descargado las cebollas."
"Kafin Juma'a na gama sauke albasar."
b. El lunes el chófer dijo que para el viernes ya habría descargado las cebollas.
"Ran Litinin direba ya ce kafin Juma'a ya gama sauke albasar."

Hausa mutum kawai ta canza (na > ya), ba ta taɓa lokaci ba. Sifaniyanci da Faransanci dukansu suna jan lokacin baya (habré > habría, aurai > aurait), don haka a nan Faransanci abin dogara ne. A lura kuma (19b) ba ta ce ya sauke ko bai sauke ba.

Na biyu shi ne ƙiyasi a kan abin da ya riga wani abu a baya:

(20) Cuando llegamos a Kamba, ya habrían vendido la mitad del mijo.
"Lokacin da muka isa Kamba, ina jin sun riga sun sayar da rabin geron."

Ma'anarta probablemente habían vendido. Faransanci ba ya amfani da conditionnel passé a nan, sai ya ce ils avaient sans doute vendu ko ils devaient avoir vendu. Mai fassara ta hanyar auraient vendu zai ɗauka ba a sayar ba, ko kuwa jita-jita ce.

Na uku shi ne na ƴan jarida, wanda nahawun 2009 ya kira condicional de rumor:

(21) Según los viajeros, las aguas habrían inundado los arrozales.
"Wai ruwa ya mamaye gonakin shinkafa, in ji matafiya."

Wannan "wai" ce tsantsa: mai magana ya ba da labari ya zare hannunsa. Mai karanta jaridun Faransanci ya saba da shi. A Sifaniya wasu sun daɗe suna kallonsa a matsayin aro daga Faransanci, littafin salon rubutu na jaridar El País ma ya hana ma'aikatanta amfani da shi. Duk da haka ana samunsa da yawa a jaridu. Ɗalibi ya iya gane shi in ya gani, ya kuma yi hattara da shi a nasa rubutun.

Na huɗu shi ne burin da bai cika ba, musamman da gustar da preferir da querer:

(22) Me habría gustado estudiar en Niamey.
"Na so a ce a Yamai na yi karatu."

A wannan na huɗu hubiera tana iya maye gurbin habría (me hubiera gustado), domin ma'anar rashin faruwa tana nan.

6. Kammalawa

Ƙirar sharaɗau harɗaɗɗe ba ta wuce kalmomi shida na mataimaki da ɗafi biyu na ƴar aikatau ba. Darasi ɗaya ya ishe ta. Aikin yana ga sanin inda za a sa shi. Daga abin da muka gani, muna ba da shawarar a bi wannan jeri a aji. A fara da jimlolin "da … da …" da ɗalibai za su kawo da bakinsu, daga kasuwa da gona da bakin kogi, a ja layi ƙarƙashin "da" ta biyu. A kawo jadawalin (3), a yi ta maimaita bambancin había da habría da baki. Sa'an nan a kawo Faransanci, a nuna kamar da ke tsakanin aurais acheté da habría comprado, a kuma faɗi wuraren saɓani uku a fili: babu ser, babu canjin ƴar aikatau, bayan si ta sharaɗi sai hubiera. Gwajin "yanzu/bara" da na "ko/da" su zama kayan aikin ɗalibi a duk lokacin da ya yi shakka. Ayyukan sashe na 5 a bar su sai an fara karanta labarai da jaridu.

A aji irin na Gaya ba kowa ne Hausa take harshensa na farko ba, ko da yake da yawa suna jin ta ta hanyar ciniki da maƙwabtaka. Muna fatan abokan aikinmu masu nazarin Dandanci da Zabarmanci za su jera misalai (7) zuwa (12) a harsunan nan, domin malami ya sami jadawali ɗaya da zai ɗauki ajin gaba ɗaya.